Ba Fitsarin Kwance Ba Ne

A Ƙofar Guga, in ka ce Furera ba kowa zai gane ba, sai ka ce Furera mai turare. Gidansu yana can cikin lungu, ba fenti, ba ƙyauren ƙarfe, amma baƙo ba ya ɓata hanya, don tun daga bakin titi ƙamshin sandal da hawi ke tarbar mutum. Wurin kakarta ta koyi sana'ar. Tana dafa turaren wuta, tana haɗa humra, tana turara kayan amare a kan kabbasa, wato kwandon nan da ake kifawa a kan kaskon garwashi a shanya tufafi. Siririyar mace ce, mai tsafta har ta yi yawa, mai ƙarancin magana. Ba ta gulma, ba ta shiga gidan da ba a kira ta ba. Abin da ta fi tsoro a duniya shi ne a ɗauki zancen gidanta a kai gidan biki.

Mijinta Malam Atiku direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya tsawa kuma ba ya tambaya. Ya fita da safe, ya dawo da magariba. Abin da ya shafi ɗiya mace ya bar wa uwarta.

Muhsina ce ɗiyarsu ta fari, bayanta maza uku. Furera tarbiyyar tsofaffi ta samu, saboda haka tana yi wa yarinyar kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunanta, sai “ke” ko “yarinyar nan”. Ba ta rungumarta gaban mutane, ba ta yabonta. Ba ƙiyayya ba ce. Haka aka yi mata, haka ta yi.

Lokacin da Muhsina ke goye babu wanda ya lura da komi, don jariri dama a jiƙe yake. Sai da ta kai shekara uku abin ya fito fili. Ta iya fo kamar kowane yaro. Za ta ce fitsari take ji, ta tsuguna, ta yi mai yawa, a wanke ta, a sa mata wando. Kafin a gama wanke hannu wandon ya yi danshi. A canza wani, shi ma haka. Ba kwarara ba ce, ɗigo ne, kaɗan-kaɗan, kuma ba ya tsayawa. Da farko Furera ta ce wasa ne ke ɗauke mata hankali. Daga baya ta ce lalaci ne. Da yarinya ta kai biyar abu bai canza ba, sai ta sa masa suna, ta ce fitsarin kwance ne.

Babu wanda ya tsaya ya dubi sunan nan. Mai fitsarin kwance da dare yake yi, cikin barci, da rana kuwa a bushe yake wuni. Muhsina takan tashi da safe tabarmarta da ɗan danshi kawai. Sai ta miƙe tsaye, ta fara zirga-zirga, sannan abin ke zuba. Amma fitsarin kwance ciwo ne mai rufin asiri. Kowane gida an taɓa yin mai shi, a yi masa dariya, ya girma ya bari, har a riƙa tsokanarsa da zancen ranar aurensa. Furera ta kama sunan ta riƙe da hannu biyu.

Duk abin da ake yi wa mai fitsarin kwance an yi wa Muhsina. An hana ta ruwa daga la'asar. An sha rubutu, an sha jiƙe-jiƙe masu ɗaci. Wata tsohuwa ta ce a ɗaura mata kwaɗo a ƙugu, tsoro zai sa ta bari, aka ɗaura, ta yi ihu har muryarta ta dushe. Abu ɗaya Furera ta ƙi, shi ne a ɗora mata tabarma a ka yara su bi ta da waƙa a lungu, don wannan fitar da zance waje ne. A maimakonsa sai ta riƙa rufe ɗaki ta zane ta da tsintsiya, tana cewa, “Ki riƙe! Ki riƙe na ce! Ƙannenki ma sun iya.” Yarinyar ta matse ƙafafu iya ƙarfinta, tana kuka, ɗigon yana bin cinyarta.

An je kemis, an je asibiti, kada a ce ba a je ba. Furera ta bi layi tun safe, ta shiga gaban likitan da mutane suka yi wa yawa. Ya ce, “Mi ke damunta?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Fitsarin kwance.” Ya ce, “Shekararta nawa?” Ta ce shida. Ya ce, “Za ta bari. A rage mata ruwa da yamma.” Ya amsa abin da aka faɗa masa. Furera ta dawo gida da ƙarfin gwiwa, tana cewa ai likita ma ya faɗa.

Da aka sa ta firamare, Furera ta yayyaga tsofaffin zannuwa ta yi mata ƙunzugu, ta naɗe da leda. Kayan makarantar kuwa sai sun kwana a kan kabbasa. Muhsina takan shiga aji tana ƙamshi kamar wadda za a kai ɗakin miji, shi ya sa yara suka sa mata suna Amarya. Kafin a fita tara, turare ya haɗu da zarni, kuma wannan haɗin ya fi zarnin kaɗai muni. Sai a fara matsawa daga bencinta.

“Amarya, yau ma randar ta fashe?”

“Ku bar ta, lallen ne bai bushe ba.”

Ba ta ramawa. Tana da kai, ta riga kowa iya karatu a ajinsu. Da ta gane cewa zama ne ke barin shaida a benci, sai ta koma bayan aji tana tsayuwa, littafi a jikin bango tana rubutu. A Islamiyya kuwa malama ta ce tabarmin na salla ne, ba a kawo masu najasa. Aka ba ta wuri a bakin ƙofa, kan buhu.

Tana da shekara tara yayar mahaifinta, Gwaggo Nana, ta ɗauke ta hutun salla zuwa gidanta a Kambarawa. Gwaggo Nana mai sayar da atamfa ce, babbar mace mai babbar murya, wadda ba ta iya tauna magana ba. Ranar da ta maido da yarinyar ko mayafi ba ta cire ba. Suka gaisa da Furera, aka tambayi gida da yara da kasuwa, sannan ta zauna a kan turmi.

“Furera, yarinyar nan ba fitsarin kwance take ba. Gado ɗaya muka kwana da ita, katifata ƙalau. Da rana take zuba. Wannan yoyo ne.”

Furera tana juya turare a kan wuta. Ta saki ludayin.

“A'uzubillahi. Yaya, mi kika ce?”

“Yoyo na ce. Kurma kika zama? Mu kai ta inda ake duba masu yoyo, su suka san kan abin.”

Duk Katsina an san asibitin nan na bayan gari, kuma an san su wa ke zuwa. Mata ne da suka daɗe suna naƙuda, ɗa ya mutu a ciki, mafitsara ta huje. A kunnen mutanen gari yoyon fitsari ciwon haihuwa ne, ba shi da wata hanya. In aka ga yarinyar da ba ta yi aure ba a ƙofar wurin, tambaya ɗaya za a yi.

“Ɗiyar shekara tara, Yaya? Haihuwa ta yi? Ko so kike a ce wani ya ɓata ta? Mace ɗaya ta gan mu a bakin ƙofar nan, kafin mu dawo zance ya riga mu gida. Wa zai aure ta?”

“A haka ɗin wa zai aure ta? Turare za ki bi ta da shi har ɗakin miji?”

“Za ta bari. Likita ya ce za ta bari.”

“Mi kika faɗa ma likitan?”

Furera ta ce, da muryar da ba a san ta da ita ba, duk ranar da aka sake furta kalmar nan a gidan nan za ta haɗa kayanta. Da Malam Atiku ya dawo, yayarsa ta tare shi a zaure. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce, “Yaya, wannan ai maganar mata ce, uwarta ta fi kusa.” Gwaggo Nana ta ce Allah ya kyauta, ta tafi. Daga ranar ba ta ƙara zuwa ba sai da dalilin suna ko rasuwa.

Muhsina tana bayan ɗaki tana wanke tsummanta, ta ji komi. A ranar ta san abin da ke damunta yana da suna, kuma sunan ya fi ciwon muni.

A aji biyar malamar ajinsu ta aiko a kira uwarta, don iyayen wasu yara sun yi ƙorafi. Furera ba ta je ba. Ta cire yarinyar daga boko da Islamiyya a mako guda. Wanda ya tambaya sai ta ce aiki ya yi mata yawa, tana buƙatar mataimakiya. Muhsina ta ajiye jakarta a ƙarƙashin gado. Ba ta yi gardama ba, har ma kamar ta ji sauƙi.

Daga nan duniyarta ta koma ɗaki biyu da tsakar gida. Ta iya daka, ta iya tankaɗe, ta iya gane lokacin da sukari ya kama itacen turare. Amma da an yi sallama sai ta shige ƙuryar ɗaki. Mata su ce, “Ina ɗiyar taki? Mun kwana biyu ba mu gan ta ba.” Furera ta ce, “Tana ciki, kunya gare ta.” Ba biki, ba suna, ba yawon salla. Sa'o'inta suka gama firamare, suka shiga sakandare, tana jin muryoyinsu suna wucewa ta bayan katanga.

Salla ta fi komi ba ta wahala. Ta yi alwala, kafin ta kabbarta ta ji ɗigo, ta koma ta sake. Wani lokaci har lokacin sallar ya fita tana bakin buta. A ƙarshe ta riƙa yin sallar haka nan, da yaƙinin cewa ba a karɓa. Malamai suna da sauƙi ga mai irin wannan lalura, kowane malamin zaure ya san hukuncin. Amma kafin a ba ka fatawa sai ka faɗi abin da ke damunka, a gidan kuwa ba a faɗa.

Kada wani ya ce Furera ba ta son ɗiyarta. Ita ke tashi tun asuba ta wanke tsummoki, har tafin hannunta ya tsattsage. A cikin ɗaki take shanya su, kada maƙwabta su ƙirga daga saman bene. In cinyoyin yarinyar suka saɓule, ita ke shafa mata man kaɗanya, ba ta ce mata sannu, ba ta kallon fuskarta. Ta daina dukanta tun tuni. Ta sayar da akuyarta ta kai wa wani mai magani, ta yi azumin nafila, ta yi sadaka. Kowace shekara takan ce wa kanta bana za ta bari, in ta fara al'ada za ta bari. Al'ada ta zo, babu abin da ya canza sai yawan wanki.

Tun tana ƙarama Muhsina kan yi zazzaɓi da ciwon kwiɓi na hagu. A sayo maganin zazzaɓin sauro, ko a ce taifot ne, ya lafa, ya dawo. Tana da shekara goma sha bakwai wani ya kama ta da bai lafa ba. Jikinta ya yi zafi kamar kasko, haƙoranta na haɗuwa, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Malam Atiku ya aro mota aka kai ta babban asibiti, aka ba ta gado.

Likitar da ta zo duba ta mace ce, ba ta da yawan shekaru. Ta danna kwiɓin, Muhsina ta zabura. Ta ɗaga zanen, ta ga ƙunzugu da leda, ta ga fatar da ta yi baƙi ta yi kauri. Furera ta yi sauri ta ce, “Tana ɗan fitsarin kwance ne, likita.”

Likitar ba ta dube ta ba. Ta ja kujera ta zauna saitin fuskar yarinyar.

“Muhsina, kina jin fitsari ya matse ki, ki je ki yi kamar kowa?”

“Ina yi.”

“To bayan kin yi fa?”

Muhsina ta juya ta dubi uwarta. Furera ta ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani. Yarinyar ta maido da idonta kan likita.

“Yoyo nike, likita. Dare da rana. Tun da na san kaina ban taɓa bushewa ba.”

Akwai mata a gadajen da ke kusa, da masu jinyarsu. Furera ta ji kamar an tuɓe mata zane a kasuwa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Likitar kuwa cewa ta yi, “Yauwa. Yanzu kika faɗa mani abin da zan yi aiki da shi.”

Da zazzaɓin ya sauka aka shiga gwaje-gwaje. Aka zuba wani ruwa mai launin shuɗi a mafitsararta, aka sa mata auduga. Audugar ta jiƙe, amma fara tas, babu shuɗi ko kaɗan. Wato ɗigon ba daga mafitsara yake fitowa ba. Aka ɗauki hotuna. Sannan aka tara su, da Malam Atiku da Furera da Gwaggo Nana, wadda ta zo tun ranar da ta ji labari ba tare da an kira ta ba.

Likitar ta yi bayani a sauƙaƙe. Ta ce kowace ƙoda tana da siririn bututu da ke kai fitsari mafitsara, mafitsara ta tara, mutum ya saki lokacin da ya so. Ƙodar Muhsina ta hagu bututu biyu gare ta. Ɗaya ya shiga mafitsara daidai, shi ya sa take fitsari kamar kowa. Ɗayan ya kauce, ya wuce mafitsara, ya buɗe a ƙasa, inda babu abin da zai riƙe shi.

“Haka aka haife ta. Ba wanda ya taɓa ta. Ba lalaci ba ne, ba iska ba ne. Ko duniya za ta taru a kanta ba ta iya riƙe shi.”

Ta ce sashen ƙodar da ke ciyar da wannan bututu ya lalace saboda ciwon da ya yi ta shiga yana fita, za a cire shi tare da bututun. Sauran ƙodar da ta dama lafiyarsu ƙalau.

Malam Atiku ya ce alhamdulillahi. Muhsina ce ta yi tambaya.

“Likita, da an kawo ni ina ƙarama fa?”

Likitar ba mai son ɗora wa kowa laifi ba ce, amma ba ta yi ƙarya ba.

“Ana yi ma 'yan shekara uku, 'yan shekara huɗu. Su warke su tafi makaranta.”

Furera tana zaune a ƙarshen benci, hannuwanta a cinya. Ba ta ɗaga kai ba.

Aka yi aikin, aka yi nasara. Ranar da aka cire mata robar fitsari, Muhsina ta tashi ta taka zuwa ƙarshen ɗakin ta dawo. Ta shafa zanenta. Ta sake tafiya ta dawo, ta sake shafawa. Wunin ranar haka ta yi ta yi, har matan ɗakin suka fara yi mata dariya suna cewa za ta huda zanen. Da yamma ta ce a ba ta ruwa. Furera ta miƙa mata kofi, ta shanye, ta ce a ƙara, ta shanye, ta ce a ƙara. Furera ta ƙara zubawa. Ta buɗe baki za ta yi magana, ba ta san da wace kalma ake fara irin wannan magana ba, sai ta ce, “Ki sha a hankali.”

Ranar sallama Malam Atiku ya kawo mota. Muhsina ta ce, “Baba, gidan Gwaggo za a kai ni.” Ya dubi matarsa. Furera ta ce, “Can ɗin ya fi iska.” Ita da kanta ta haɗa mata kaya washegari ta aika da su.

A Kambarawa Muhsina ta zama mutum. Ta shiga makarantar manya ta mata, ta zauna a benci cikin mutane. Ta riƙa tsare wa Gwaggo shago, ta koyi ciniki, ta koyi dariya da ƙarfi. Takan zo Ƙofar Guga ta gaishe da iyayenta, ta durƙusa yadda ya kamata, ta koma kafin magariba. Furera ta ce wa kanta lokaci ne, in yarinya ta yi aure ta haihu za ta gane.

Tana da shekara ashirin da ɗaya Sada ya fito. Malamin firamare ne, yakan zo sayen atamfa wa mahaifiyarsa, ya riƙa daɗewa wajen zaɓe fiye da kima. Gwaggo Nana ta ce masa, “Malam, in atamfa kake so ga ta nan, in mai awon kake so ka zo da manyanka.” Muhsina tana son sa. Tun kafin magana ta yi nisa ta zaunar da shi ta gaya masa komi, da sunan abin, da aikin da aka yi. Ya ce wannan ai jarrabawa ce ta wuce, shi ba ruwansa.

Danginsa suka aika a yi bincike, kamar yadda ake yi. Masu binciken suka shiga lungun su Furera, suka zauna da maƙwabta. Maƙwabta ba su yi ƙarya da gangan ba, abin da suka gani suka haɗa. Suka ce yarinya ce da aka cire daga makaranta rana tsaka, aka kulle ta a ɗaki shekara da shekaru, ko biki ba ta zuwa. Sannan aka kwashe ta zuwa asibiti, kuma wata da ta yi jinya a ɗakin ta ji da kunnenta yarinyar ta ce yoyo take. Daga asibiti ba a maido ta gida ba, aka kai ta wata unguwa. Suka ce su dai ba su ce komi ba, amma mai hankali ya san abin da ke kawo yoyo, ya san abin da ke sa a ɓoye budurwa.

Mahaifiyar Sada ta ce ba da ita ba. Sada ya zo sau ɗaya ya yi rantsuwa zai shawo kanta. Ya sake zuwa ya zauna yana kallon ƙasa. Daga nan sai saƙon waya, daga nan shiru.

Da labari ya iso wa Furera, ta yi wanka, ta sa mayafinta na fita, ta tambayi kwatancen gidan su Sada. Ta yi sallama, aka shimfiɗa mata darduma. Suka gaisa da mahaifiyarsa, gaisuwa mai tsawo, ta mutanen da ba su san juna ba. Sannan Furera ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce ɗiyarta ta yi yoyon fitsari, ta faɗi kalmar da bakinta, a gaban surukan matar da 'yan aikinta. Ta ce amma ba na haihuwa ba ne, da shi aka haife ta. Ta yi bayanin ƙoda da bututu yadda ta iya, tana nunawa da yatsu a kan darduma. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ta ce in ana so a je wurin likitar.

Matar ta saurara har ƙarshe. Ba muguwa ba ce, ita ma tsoron bakin mutane take.

“Hajiya, na ji, kuma ban ce kin yi ƙarya ba. Amma in ciwon Allah ne tun haihuwa, mi ya sa kika ɓoye ta?”

Matar ta ce ko da ita ta yarda, dangin uban yaron ba za su yarda ba, zance ya riga ya zaga. Ta sa aka rako ta har ƙofa.

Daga can Furera ta wuce Kambarawa. Ta iske Muhsina ita kaɗai a shago tana ninke atamfa. Ta gaya mata inda ta fito da abin da aka ce, ba ta rage komi ba. Muhsina ta ci gaba da ninki.

“Da ba ki je ba, Inna.”

“Na ce ko za su ji daga bakina.”

“Sun ji.”

“Ni don kada a faɗi haka na yi. Duk abin da na yi, don kada a faɗi haka ne.”

“Na sani, Inna.” Ta ɗora atamfar a kan 'yan uwanta, ta daidaita gefen. “Na sani. Ki tafi gida kada magariba ta yi maki a hanya.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da Furera ta samu abin kamawa.

Bayan 'yan watanni ɗiyar Gwaggo Nana da ke aure a Kaduna ta ce a ba ta Muhsina ta ci gaba da karatu a can, inda ba wanda ya san ta. Malam Atiku ya yarda. An gaya wa Furera bayan an gama magana. Yanzu Muhsina tana can, ta gama sakandare da girmanta, tana koyarwa a wata makarantar yara. Ba ta yi aure ba. Lafiyarta ƙalau. Ba ta zuwa Katsina sai da babban dalili.

Furera ta tsufa fiye da shekarunta. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Muhsina kan kira wayar mahaifinta. Su yi hira, ya yi dariya, ta tambayi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, “Ga innarki,” ya miƙa wayar. Furera ta goge hannu a zane ta karɓa.

“Ina wuni, Inna.”

“Lafiya lau. Ya aiki?”

“Da godiya. Ya jikin?”

“Da sauƙi. Ya mutanen gidan?”

“Suna lafiya, suna gaishe ki.”

“Ina amsawa. Ya zafi?”

“Lokacinsa ne.”

“To, madalla.”

Daga nan sai kowace ta riƙa jin numfashin 'yar uwarta, har Malam Atiku ya miƙo hannu ya karɓi wayarsa.